Ƙananan Jiragen Ƙasa Masu Tururi: Me Ya Sa Wani Ke Tsada, Wani Ke Kwantai?

A Ingila, duk shagon da ke saye da sayar da ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo ya saba da baƙi iri guda: magada ɗauke da kwalaye. Dattijo ya rasu ya bar ɗaki cike da kawunan jirgi da taragai da dogo, abin da ya kwashe rabin rayuwarsa yana tarawa, kuma tun yana raye iyalinsa ke jin yana cewa wata rana kayan nan za su yi kuɗi. Mai shago ya zazzage, ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya taya abin da bai ko kusa da zatonsu ba. Galibi ba cutarsu ya yi ba. Sai dai a cikin kwalayen nan akan dace da kai ɗaya ko biyu da kuɗinsu ya fi na sauran gaba ɗaya, kuma magadan ba za su iya bambance shi da na kusa da shi ba. Girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, wani lokaci ma masana'anta ɗaya ta yi su a shekara ɗaya.

Kayan da ake magana a kansu ba na wasan jarirai ba ne. Kwaikwayon jiragen gaske ne da aka rage girmansu bisa ma'auni, suna tafiya a kan ɗan dogo da wutar lantarki, tsofaffin cikinsu kuma ana murɗa musu makulli kamar agogon da. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a Birtaniya shi ne OO, wato kashi ɗaya cikin 76 na girman jirgin gaske, a kan dogo mai faɗin milimita 16.5. Jamus da Amurka sun fi amfani da HO, kashi ɗaya cikin 87, a kan dogo mai wannan faɗin. Akwai O wanda ya fi su girma, akwai N wanda ya fi su ƙanƙanta. A duk ma'aunan nan, wanda ya fi sace zuciyar masu tarawa shi ne kan jirgi mai cin kwal yana fitar da tururi, irin wanda ya fara shiga Kano a 1911. Dalili a fili yake: aikinsa a waje yake, ido na ganin sandunan ƙarfe suna kai da komo suna juya ƙafafu, kuma kowane yana da lambarsa, da yawa har da suna.

Wannan suna da lamba su ne tushen kasuwar. A 1942 wani matashin ma'aikacin jirgin ƙasa mai suna Ian Allan ya buga ɗan littafi mai jerin lambobin kawunan jirgi, sai yaran Ingila suka ɗauki ɗabi'ar tsayuwa a ƙarshen dandamalin tasha suna ja wa duk lambar da suka gani layi. Waɗannan yaran ne suka ga ƙarshen zamanin tururi da idonsu. An gama ƙera Evening Star a Swindon a 1960, shi ne kan tururi na ƙarshe da hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta ƙera, kuma a watan Agustan 1968 ta sallami tururi daga manyan layukanta. Yaron da ya riƙa leƙen tagar shago yana haɗiyar miyau a kan jirgin da mahaifinsa ba zai iya saya masa ba, shi ne ya girma, ya sami abin hannunsa, ya koma neman wannan jirgin ko nawa ne. Ni a ganina nan ne mabuɗin maganar duka: yawancin kuɗin da ake biya a kasuwar na hannu kuɗin begen ƙuruciya ne, kuma bege yana da shekarun da yake yi.

Labarin Hornby Dublo ya isa ya nuna yadda abin ke gudana. Kamfanin Meccano na Frank Hornby, da ke titin Binns a Liverpool, ya fara jiragen ma'aunin O a 1920, sannan a 1938 ya fito da Dublo a ma'aunin OO. Da ƙarfen zubi aka yi su, masu nauyi a hannu, wasu masu makulli, na lantarkin kuma suna gudu a kan dogo mai layi uku, na tsakiyar ne ke kai wuta. Kawuna biyu aka fara da su: wani ƙarami mai ɗaukar ruwansa a jikinsa, da Sir Nigel Gresley, ɗan'uwan Mallard wanda a ranar 3 ga Yulin shekarar ya yi gudun mil 126 a awa, gudun da har yau babu jirgin tururi da ya wuce shi. Ba a daɗe ba yaƙin duniya na biyu ya tsayar da aikin. Da aka dawo bayan yaƙi, ba a sake yin masu makulli ba, sai na lantarki kawai. Shi ya sa Dublo mai makulli na kafin yaƙi, in ya tsira da lafiyarsa, yake da daraja: 'yan shekaru kaɗan aka yi ana yin sa.

Ana cikin haka wani abokin gasa ya kunno kai. A 1950 wani ƙaramin kamfani, Rovex, ya yi wa shagunan Marks & Spencer jirgin roba mai arha, Princess Elizabeth. Kamfanin Lines Brothers, masu tambarin Tri-ang, suka saye shi, suka mayar da aikin garin Margate, suka cika kasuwa da jiragen roba masu dogo mai layi biyu kamar na gaske, a farashin da ma'aikaci zai iya. Meccano bai koma layi biyu ba sai 1959, kuma ya makara. A 1964 Lines Brothers suka haɗiye shi, daga baya suka haɗa sunayen biyu suka zama Tri-ang Hornby.

To a nan ne abin da ke rikita magada yake. Duchess of Montrose na Dublo kyakkyawan kai ne, mai ƙarfi, an yi shi da kyau, amma an sayar da shi da yawan gaske a shekarun 1950, don haka yau da 'yan gomomin fam ake samunsa. Su kuwa Ludlow Castle da Dorchester da City of Liverpool na layi uku, an fito da su ne a farkon shekarun 1960, lokacin da jama'a suka riga suka juya wa layi uku baya. Ba su karɓu ba, kaɗan aka yi, yau su ne ake neman su da ɗaruruwa. Abin da ya yi kwantai jiya shi ne na nema yau, wanda ya yi farin jini jiya kuma ga shi jibge a kowane tebur. Haka Flying Scotsman: babu jirgin tururi da ya kai shi suna a duniya, kuma tun 1968 da Tri-ang Hornby suka fara yin nasu ake ta sake fito da shi. Wanda ya gaji ɗaya yakan ɗauka ya tsinci dami a kala saboda sunan da ya sani, alhali sunan ne ya sa aka yi shi ba adadi. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada, shahara ma haka. Sai ƙaranci ya haɗu da masu so.

Na Wrenn kuma darasinsu daban ne. Wannan ƙaramin kamfani na Basildon ya karɓi kayan zubin Dublo ya ci gaba da yin kawunan ƙarfe har zuwa 1992. A shekarunsa na ƙarshe yana fitar da su ƙalilan-ƙalilan, da sunaye da launuka iri-iri. Da ya rufe, sai masu tarawa suka yi ca, farashi ya yi sama, har wasu suka riƙa saye don ajiya kawai. Waɗanda aka yi da gaske kaɗan har yanzu suna da kuɗinsu, amma na gama-gari sun sauko. Kuma da yake bambancin mai tsada da mai arha wani lokaci bai wuce allon suna da lamba ba, sai 'yan damfara suka sami ƙofa: a sayi mai arha, a sauya masa suna da fenti, a sa shi cikin kwalin da ya dace. Shi ya sa masana Wrenn ke duba hatimin da ke jikin kwali kamar yadda suke duba jirgin.

Maganar kwali tana ba wanda ba ya cikin harkar mamaki. Kwalin takarda da yaro ya yaga ranar da aka ba shi kyauta, yau yana iya ƙara wa jirgi kuɗi ƙwarai, har akan sayar da kwali fanko shi kaɗai. Hujjar ba ta da wuya: jirgin ƙarfe ne, yana jure shekaru, kwalin kuwa shi aka fara zubarwa, don haka ya fi jirgin wuyar samu. Masu tarawa suna son komai ya cika, da takardar bayani, da ta garanti, da 'yan takardun da aka tokare jirgin da su. Ƙungiyar masu tara jirage ta Amurka, wadda aka kafa a 1954, har ma'aunin daraja ta tsara daga C-1 zuwa C-10, na goman shi ne wanda ba a taɓa ɗora shi a dogo ba. Tsakanin mataki da mataki akwai kuɗi mai yawa. Abin da ya fi ɓata wa kaya daraja kuma shi ne gyaran mai kyakkyawar niyya. Jirgin da fentinsa na asali ya ɗan ƙwarzane ya fi wanda aka sake fentawa tas daraja a idon mai tarawa, ko da sabon fentin ya fi kyau. Wanda ya gaji irin kayan nan, kada ya wanke, kada ya goge da mai, kada ya raba jirgi da kwalinsa, sai wanda ya sani ya gani.

Akwai kuma cutar da ba a jin labarinta sai an shiga harkar. Ƙarfen zubin da ake yin jikin jirgi ko ƙafafunsa gaurayen tutiya ne da wasu ƙarafa, Turawan Ingila na ce masa mazak. In dalma ta shiga cikinsa lokacin narkawa, ko da 'yar ƙanƙanuwa ce, bayan shekaru sai ya fara kumbura daga ciki, ya tsattsage, a ƙarshe ya ruguje a hannu. Danshi na ƙara masa sauri, kuma ba shi da magani. Ya ci kayan kafin yaƙi da yawa, har da ƙafafun babban Princess Elizabeth na ma'aunin O da Hornby ya fitar a 1937 cikin akwatin katako, wanda yake cikin abin alfaharin kamfanin. Bai tsaya ga tsofaffi ba: an gan shi a wasu na wannan ƙarnin, irin su T9 na Hornby, inda mazaunin injin ke farfashewa. Roba ma tana da nata. Ta farkon Tri-ang takan lanƙwashe da shekaru har tarago ya yi doro. Kawunan da ke da tambarin Mainline, da suka burge kowa da kyan tsari a ƙarshen shekarun 1970, robar da ke riƙe ƙafafunsu takan tsage. Tsohon Dublo kuwa maganaɗisun injinsa ne ke sanyi, amma wannan gyararre ne, ana sake cusa masa ƙarfi ko a sauya shi. Abin lura a nan, jirgin da aka kulle a kwali shekara talatin ba a buɗe ba bai tsira ba. Man da ke cikinsa na daskarewa, soson da aka shimfiɗa masa na iya narkewa ya manne wa fenti, mazak kuma ba ya jiran a taɓa shi.

Duk wannan game da mai tarawa ne. Amma kasuwar tana da wani mai saye, wanda ya fi yawa ma: mai shimfiɗa dogo a ɗakinsa, ya gina tasha da gada da tsauni, yana son jirgin da zai yi tafiya a hankali ya kuma yi kama da na gaske. Wannan mutumin ba ruwansa da tarihi. Tun da Hornby ya kammala mayar da ƙira ƙasar Sin a ƙarshen shekarun 1990, ya kuma fito da Clan Line a 2000, sai ma'aunin kyau ya sauya baki ɗaya. Kamfanin Bachmann na ta nasa ƙoƙarin, daga baya wasu sababbin kamfanoni suka shigo. Bututu siriri kamar gashi, ɗakin direba da agogunansa, fitila, na'urar da ke ba kowane kai umarninsa daban a kan dogo ɗaya, har da sautin huci da usur da aka ɗauko daga jirgin gaske. Duk ranar da aka sanar da sabon zubin wani jirgi, tsohon zubinsa ya faɗi a kasuwa, tun ma kafin sabon ya iso shago. Waɗanda suka fi shan wuya su ne na tsakiya, na shekarun 1970 zuwa 1990: ba su tsufa har a yi begensu sosai ba, ba su kai na yanzu kyau ba, wasu ma ƙafafunsu sun yi kauri ga dogon zamani. Su ne suka fi cika kwalayen magada.

Ina da ƙorafi a kan abin da kamfanoni ke kira fitowa ta musamman, wadda ake ƙayyade adadinta a haɗa da takardar shaida mai lamba. Mutane da yawa sun saye su da niyyar ajiya, suna zaton Ludlow Castle na gobe suka kama. Lissafin bai fita ba, kuma dalilin a bayyane yake. Tsofaffin jirage sun yi ƙaranci ne don yara sun yi wasa da su, sun karya, iyaye sun zubar. Wanda aka yi tun farko don a adana kuwa kowa ya adana nasa, ga kwali ga takarda, ba ƙwarzane. Bayan shekara ashirin kusan duka suna nan, sababbi ful, suna neman mai saye a lokaci guda. Akan sami wanda ya ƙare a shago da wuri, farashinsa ya yi tsalle na ɗan lokaci, amma da kamfani ya sake fitar da makamancinsa sai ya dawo ƙasa. Inda na ga ƙaranci na gaskiya shi ne irin jiragen OO masu dafa ruwa su yi tafiya da tururin gaske, da Hornby ya fara da Mallard a 2003 ya daina bayan 'yan shekaru. Babu wanda ya maye gurbinsu, shi ya sa ake ci gaba da nemansu.

Mata sun san abin da ya sa ake ajiyar zinari: ko yayin ƙirar ya wuce, a ɗora shi a sikeli nauyinsa na nan. Ɗan jirgi ba shi da sikeli. In ka cire son da wani ke masa, abin da ya rage tutiya ce da roba da 'yar waya. Masu son kuwa suna tsufa. Yaron da ke da shekara 12 a 1958 ya cika 70 a 2016. Tsararsa ce ta ɗaga farashin Dublo da Wrenn lokacin da take da ƙarfi da kuɗi, yanzu kuma ita ce ke rage kaya, ko a sayar bayan ranta. Kaya na ƙaruwa a kasuwa, masu nema na raguwa. A watan Janairun 2024 aka ji labarai biyu da suka girgiza masu harkar: Hattons, babban shagon da aka kafa a Liverpool a 1946, ya sanar zai rufe, ƙungiyar Warley kuma ta ce ta daina shirya babban baje kolinta na shekara-shekara a Birmingham saboda masu aikin sa kai sun manyanta. Ba wai sha'awar ta mutu ba ne. A lokacin kullen korona na 2020 ciniki ya tashi sosai, kuma matasa na shigowa. Sai dai matashin da ya taso yana ganin jirgin dizal da na lantarki, nasa begen daban ne. In ma yana son tururi, a layukan tarihi ya san shi, ko ta Tornado, jirgin gaske da aka ƙera sabo a 2008, kuma sabon zubi mai sauti zai nema, ba dogo mai layi uku ba.

Duk da haka akwai rukunin da wannan guguwa ba ta taɓa ba, kuma shi ke nuna abin da ke saura bayan bege ya wuce. Jiragen gwangwani da Märklin na Göppingen da Bing na Nuremberg suka yi kafin yaƙin duniya na farko, waɗanda aka fenta da hannu, babu mai rai yau da ya yi wasa da su yana yaro, amma masu kyan cikinsu suna kai dubban fam a gwanjo. Haka manyan kayan Bassett-Lowke na Northampton, da Hudson mai lamba 700E da Lionel na Amurka ya fitar a 1937. Waɗannan sun tashi daga kayan tuna ƙuruciya sun koma kayan tarihi da gwanintar hannu, masu sayensu ma daban ne. A 2015 Pete Waterman, fitaccen mai shirya waƙoƙin nan na Ingila, ya yi gwanjon wani ɓangare na tarinsa, manyan kawunan da gwanayen maƙera suka yi da hannu ɗaya bayan ɗaya, aka tara fiye da fam dubu 600, ya ce zai sa kuɗin wajen koya wa matasa gyaran jiragen gaske. Irin wannan labari ne jaridu ke ɗauka, shi ne kuma ke sa mai Tri-ang a saman silin ya fara lissafi. Amma kasuwarsu ba ɗaya ba ce. Zatona shi ne kaɗan daga cikin Dublo, na kafin yaƙi da na ƙarshen layi uku masu cikakken kwali, za su haye zuwa wannan rukuni. Sauran za su zauna a matsayin jirage masu ƙarko da arha, wanda ba abin kunya ba ne ga kayan da suka haura shekara sittin suna aiki.

Saura maganar farashi kansa, domin kalmar tana ɗauke da lambobi daban-daban. Abin da mutum ya rubuta a eBay fata ne kawai, sai an duba abin da aka saya da gaske. Gidajen gwanjo irin su Vectis suna karɓar la'ada a wurin mai sayarwa, su kuma ɗora wa mai saye nasa kason, wanda yakan kai kashi ɗaya cikin biyar ko fiye, don haka abin da ya fita aljihun wannan ba shi ke shiga aljihun wancan ba. Dillalin da ya sayi tari gaba ɗaya dole ya taya ƙasa, domin shi zai gwada kowane kai, ya gyara, ya ba da garanti, ya kuma zauna da waɗanda ba za su fita ba. Littattafan farashi, irin kundin Ramsay da Pat Hammond ya daɗe yana tacewa, sun fi amfani wajen gane wane samfuri ne a hannunka da shekarar da aka yi shi, lambobin kuɗin cikinsu kuwa suna tsufa da wuri.

Abin da ya fi damuna shi ne na yanzu, waɗanda ake saye da tsada sababbi. Tsohon Dublo da sukundireba ɗaya ake buɗe shi, kuma ƙungiyar masu tara kayan Hornby, da ke nan tun 1969, ta san inda ake samun kusan kowane ƙarfe nasa. Na zamani ana yin su ne zubi-zubi a masana'antun Sin, in zubi ya ƙare kayan gyaransa kan ƙare tare da shi. Ƙananan sassansu manne suke da gam, suna karyewa wajen fitarwa daga kwali, na'urar da ke cikinsu kuma wata sabuwa na zuwa ta shafe ta cikin 'yan shekaru. Wanda zai sayi irin wannan na hannu, ya sa a ɗora masa shi a dogo ya ga tafiyarsa gaba da baya, a hankali da sauri, ya juya cikinsa ya duba ko ƙarfen ya fara tsagewa, ya ƙirga 'yan sassan da ke cikin leda, sannan ya tambaya ko ana samun injinsa da haƙoran ƙafarsa a kasuwa kafin a shiga ciniki.